Man Birki: Yadda Yake Lalacewa a Ɓoye, da Yadda Ake Canza Shi Daidai

Mai mota yakan san ranar da aka juye masa baƙin mai, har da kilomitar da ta rage kafin juyi na gaba. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da a canza man birkin motarsa, sai ka ji shiru. Abin da akasarin mutane suka sani shi ne a ɗaga bonet, a leƙa ɗan farin tankin nan da ke saitin direba, in man ya yi ƙasa a ƙara. To ƙari daban, canji daban. Ƙari ba ya sabunta man da ke kwance a cikin bututu, wani lokaci ma rufa wa matsala asiri yake yi.

Wanda ya taka birki, ƙafarsa ba ta da wata hanyar isa taya sai ta wannan man. Feda tana tura sanda, sandar ta ratsa busta, wato baƙar gangar nan da ke jikin bangon gaban direba, wadda ke amfani da zuƙar injin ta ninka ƙarfin ƙafa. Daga nan a tura fistin biyu da ke cikin masta, wato silindar da ke ƙarƙashin tankin man, su matse mai. Man ya bi siraran bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, ya shiga tiyon roba da ke kusa da kowace taya, ya isa kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da dis, faifan da ke juyawa tare da taya. Fistin ɗin kalifa ya turo fad biyu, wato takalman birki, su maƙure dis. A ƙafar baya ta wasu motoci duram ne maimakon dis, wato ƙarfe mai kamar kwano, inda ƙaramar silinda ke buɗa shu biyu su dafe cikin duram ɗin. Dalilin da ya sa masta ke da fistin biyu shi ne an raba layin gida biyu, domin in ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe tayoyi biyu.

Duk wannan tsari a kan abu guda ya dogara: ruwa ba ya matsuwa. Matsin da ka sa masa a wannan baki shi zai fita a wancan baki, ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Matsin da ke cikin layin birki a lokacin taka shi da ƙarfi yana iya ninka iskar da ke cikin taya fiye da sau 30. A irin wannan matsi, ɗan kumfan iska ya isa ya shanye rabin tafiyar feda kafin fad ya fara kama dis.

Zafi da ruwa

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak, zafin da ke fita daga birkinta ya isa ya kai fiye da lita ɗaya da rabi na ruwan sanyi ga tafasa, kuma a cikin daƙiƙa kaɗan. Mafi yawansa a ƙafar gaba yake sauka. Dis yana ɗaukar kaso mafi tsoka ya watsar a iska, amma wani ɓangare yana ratsa fad ya shiga fistin, kuma a bayan fistin ɗin man birki ne. Shi ya sa abu na farko da ake auna man birki da shi shi ne digirin da yake tafasa.

Harufan DOT da ke jikin kwalba da kan murfin tanki sun samo asali ne daga ma'aikatar sufurin Amurka, ƙarƙashin ƙa'idarta mai lamba FMVSS 116. Ƙa'idar ta ba kowane aji lambobi biyu: zafin tafasa yana sabo, da zafin tafasa bayan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100. DOT 3 sabo dole ya jure aƙalla digiri 205 a ma'aunin salshiyos, in ya sha ruwa ya koma 140. DOT 4 kuwa 230 ne da 155. DOT 5.1 yana da 260 da 180. Lamba ta biyu ita ce abin dubawa, domin mota ba ta daɗewa da sabon mai. A duba DOT 4 kawai: ɗan ruwan da bai kai kashi huɗu ba ya zaftare masa digiri 75.

Ta ina ruwan ke shiga, alhali layin a rufe yake? Waɗannan azuzuwa uku duk da sinadarin gilaikol ake haɗa su, shi kuwa ɗabi'arsa ce zuƙar danshi daga iska. Murfin tanki yana da ƙofar numfashi. Tiyon roba, ko da ba ya yoyo, danshi yana ratsa jikinsa sannu a hankali. Duk buɗe murfin da aka yi, iska ta shiga. Wannan shan ruwa ba ya jiran mota ta yi tafiya. Motar da ke ajiye a rumfa shekara biyu, man birkinta ya tsufa kamar na wadda ke kan hanya kullum, kuma inda iska ke da laima abin ya fi sauri. Saboda haka da shekara ake lissafin man birki, ba da kilomita ba.

Mutum zai iya cewa to me ya hana a yi man da ba ya shan ruwa? Ai da gangan aka bar shi haka. Tunda ruwan sai ya shiga ko ana so ko ba a so, gara man ya shanye shi ya baza shi ko'ina. Da ba ya sha, da ruwan ya taru ɗigo-ɗigo ya gangara wuri mafi ƙasa, wato cikin kalifa, wurin da ya fi ko'ina zafi. A can zai tafasa a digiri 100 kacal, ya ci ƙarfe, a ƙasashen sanyi kuma ya daskare ya toshe layi. Man yana kare layin ne ta hanyar lalata kansa, kuma wannan ne dalilin da ya sa dole a riƙa fitar da shi.

Yadda tafasar ke faruwa shi ne abin da ya fi kamata direba ya gane. A ce mota ɗauke da kaya tana saukowa daga doguwar gangara, direba ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba. Kalifa ta yi zafi, man ya wuce digirin tafasarsa, amma bai tafasa ba tukuna domin matsi yana danne shi. Da zarar an ɗaga ƙafa matsin ya sauka, nan take man ya tafasa, tururi ya cika bayan fistin ya kora mai ya koma tanki. Taku na gaba sai feda ta tafi har ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Bayan mintuna, in kalifa ta huce, tururin ya koma ruwa, feda ta dawo daram. A kai motar wurin bakanike ya taka ya ji lafiya lau, ya duba bai ga yoyo ba, ya ce ba komai. Alhali man yana nan yadda yake, yana jiran gangara ta gaba.

Kada a haɗa wannan da ƙonewar fad. In fad ne ya yi zafi fiye da kima, feda tana nan da tauri, ana takawa da ƙarfi amma mota ba ta rage gudu yadda ya kamata, ga kuma ƙauri yana tashi. In mai ne ya tafasa, feda ce ke yin laushi ta nutse. A duka biyun, abin da ke hana su faruwa a gangara shi ne a sauko da giya injin ya riƙe mota, a riƙa taka birki da ɗan ƙarfi ana saki, maimakon a jingina ƙafa a kai.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ba ta da alaƙa da gangara. An zuba wa man birki sinadaran hana tsatsa, kuma suna ƙarewa. In sun ƙare, ruwan da ke ciki ya fara cin cikin masta, da jikin fistin, da ƙananan bawul na na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi. Ita wannan na'ura, da ta fara yaɗuwa tun da Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1978, ƙofofin da ke cikinta sirara ne ƙwarai, ɗan gari na tsatsa ya isa ya maƙale bawul. Kuɗin na'urar guda ya ninka na canza mai sau da yawa.

Wane mai, kuma yaushe

Abin da aka rubuta a kan murfin tanki shi ne hukunci. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 suna gauraya da juna, kuma ana iya hawa sama: motar DOT 3 za ta karɓi DOT 4. Sauka ƙasa ne ba a yi, domin motar da aka tsara da DOT 4 an yi lissafin zafinta da shi ne. Wasu sababbin motoci suna neman DOT 4 mai ruwa-ruwa, wanda ake rubuta wa LV, saboda famfon ABS da na'urar hana santsi su iya tura shi da sauri.

DOT 5, wanda babu ".1" a bayansa, wani abu ne daban duk da kamar sunan. Da silikon ake yin sa, launinsa shunayya, ba ya gauraya da sauran, kuma yana yin kumfa in famfon ABS ya kaɗa shi. Ba na motar yau da kullum ba ne. Haka kuma wasu tsofaffin Citroën suna amfani da wani koren mai da ake kira LHM, wanda shi ma ba ya haɗuwa da DOT ko kaɗan.

Kuskure mafi muni shi ne a zuba baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari a tankin birki, ko da a ce na wucin gadi ne. Robobin birki an yi su ne da irin robar da ke jure gilaikol amma ba ta jure duk wani mai da aka tace daga fetur. Cokali guda ya isa ya kumbura su. Robar masta in ta kumbura takan toshe ƙofar da mai ke komawa tanki, birki ya riƙe tayoyi ya ƙi saki, daga baya robobin su ruɓe birkin ya tafi gaba ɗaya. Alamar farko tana ƙarƙashin murfi: robarsa za ta kumbura ta yi laushi ta ƙi komawa mazauninta. In haka ta faru, wanke layi kaɗai gyaran gangar auzinawa ne. Duk wani abu mai roba a ciki sai an canza shi: masta, tiyo, robobin kalifa, silindar baya, sau da yawa har na'urar ABS. Saboda wannan ne ma ba a amfani da mazurari ko sirinjin da ya taɓa wani mai.

Yawancin kamfanonin mota suna cewa a canza duk shekara biyu, wasu su ce uku. Inda littafin mota bai faɗi komai ba, shekara biyu ita ce mafi kwanciyar hankali. Launi ba hujja ba ne. Gaskiya ne sabon mai garai-garai yake da ɗan rawaya, tsoho kuma yakan yi duhu, amma duhun daga roba da tsatsa yake zuwa, ruwa ba shi da launi. Ana samun mai fes a ido wanda ya riga ya ƙoshi da ruwa. Akwai ɗan abin awo mai kamar biro da ake tsomawa a tanki ya nuna kashin ruwa: ƙasa da 2 ba laifi, 3 a canza. Kimantawa yake yi ba tantancewa ba, kuma man tanki yake aunawa, alhali na cikin kalifa, wanda ya fi shan zafi, yakan fi shi lalacewa. Na'urar da ke dafa ɗan samfurin mai ta faɗi digirin tafasarsa ta fi aminci. Akwai kuma takardar da ke auna jan ƙarfen da ya narke daga cikin bututu, wadda ke nuna ko sinadaran hana tsatsa sun ƙare.

Sai maganar layin MIN da MAX da ke jikin tanki, wato iyakar ƙasa da ta sama. Man birki ba ya ƙonewa, ba ya ƙafewa. In ya ragu, ɗayan biyu ne. Ko dai fad ya ci, fistin ya ƙara fitowa, mai ya bi bayansa ya cike gurbin, wanda raguwa ce a hankali cikin watanni. Ko kuma akwai yoyo. Wanda ya ga mai ya kusa MIN, tayoyi ya kamata ya fara cirewa ya duba fad, ba kwalba zai ɗauko ba. In ya cika tanki, ranar da za a sa sabon fad a mayar da fistin ciki man zai yi ambaliya ya zubo kan fenti. In kuwa fad yana da kauri amma mai na raguwa, a bi layi: jiƙewa a cikin taya, danshi a gindin tiyo, tsatsa a bututun da ke bi ta saman tankin fetur, jiƙaƙƙen shu a cikin duram. In ba a ga komai a waje ba, a kwance notin masta biyu a ɗan janyo ta, domin takan yi yoyo ta baya man ya tafi cikin busta ba a gani. A motoci masu kuloci da yawa tanki ɗaya suke sha da birki, don haka yoyon yana iya zama na kuloci.

Canjin kansa

Lita ɗaya tana isar yawancin ƙananan motoci, har a sami ragi. A sayi kwalba mai hatimi, domin wadda aka buɗe aka ajiye watanni ta riga ta fara shan danshi. Ana bukatar sifana mai zobe daidai da nifil, wato ɗan notin nan mai rami da ke saman kowace kalifa, galibi lamba 8 ko 10 ko 11. Sai siririn tiyo mai haske da zai kama bakin nifil tsam, da kwalbar da babu komai, da sirinji mai tsabta, da tsumma, da ruwa a kusa. Man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci, in ya zuba a kwarara masa ruwa nan take, kada a goge da busasshen tsumma. A kare ido da hannu. Mota kuma ta zauna a kan matokara, ba a kan jak kaɗai ba.

Kafin komai, a gwada kowane nifil a ga yana kwancewa. Wanda ya yi tsatsa a goge shi da burushin waya, a fesa masa man kwance noti, a ba shi lokaci, a ɗan ƙwanƙwasa. Siriri ne kuma da rami a cikinsa, in aka yi masa ƙarfi karyewa zai yi, ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin sau da yawa sai an canza kalifar. Gara a gano wannan tun tanki yana cike.

A goge kewayen murfi kafin a buɗe. A zuƙe tsohon mai da sirinji, amma a bar kaɗan ya rufe ƙofofin da ke ƙasan tanki don kada iska ta shiga masta. A cika da sabo har MAX. Wannan matakin shi ke hana a tura dattin tanki ya bi ta cikin ABS.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa. A motar da sitiyarinta ke hagu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Amma motoci da yawa an raba layinsu ne a gicciye, gaba hagu da baya dama a layi ɗaya, kuma inda na'urar ABS take yana sauya wace taya ce mai nisa. In littafin gyaran motar ya ba da nasa jeri, shi za a bi.

Aikin mutum biyu ne, kuma injin a kashe. A sa zoben sifana a kan nifil, a cusa tiyo, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Na cikin mota ya taka feda a hankali sau uku ya riƙe, ya ce ya riƙe. Na ƙasa ya buɗe nifil kamar rubu'in juyi, mai ya fito, feda ta fara sauka, ya rufe kafin ta kai ƙarshe, sannan ya ce a saki. Jerin nan ba a saɓa shi: in aka saki feda nifil yana buɗe, iska ce za ta koma ciki. Haka za a yi ta maimaitawa har man da ke bi ta tiyo ya koma garai-garai babu kumfa. Tayar farko ta fi cin mai domin layinta ya fi tsawo.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aiki. Na farko, mantawa da tanki. Bayan kowane buɗewa biyar ko shida a leƙa a ƙara. In ya ƙafe masta ta zuƙi iska, aiki ya dawo ɗanye, wataƙila ma iskar ta shige ABS. Na biyu, taka feda har ƙasa. A tuƙin yau da kullum fistin ɗin masta ba ya wuce wani yanki na raminsa, wannan yankin ya goge ya yi santsi, gaba da shi kuwa a tsohuwar mota akwai tsatsa da datti. In aka tura robar ta bi ta kai sai ta yage. Shi ya sa ake ganin motar da birkinta ke lafiya, an gama canza mai feda ta fara nutsewa. A sa guntun katako a ƙarƙashin feda ya tare ta tun kafin ƙasa.

Na'urar da ake ɗaurawa a bakin tanki ta turo mai da matsi ta kawar da duka matsalolin biyu, kuma mutum ɗaya ya isa. Matsin da ake sa mata bai wuce kimanin rabin na iskar taya ba, wajen psi 15, domin tankin roba ne kuma yana iya tsagewa ko ya fita daga mazauninsa. Mai zuƙowa daga bakin nifil ma tana aiki, sai dai tana jan iska ta gefen zaren notin, sai a yi ta ganin kumfa a tiyo alhali babu iska a layi.

A ɗaure nifil daidai wa daida, wajen Nm 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne) a yawancin ƙananan motoci, a mayar masa da hularsa ta roba. In iska ta ƙi fita daga wata kalifa duk yadda aka yi, a duba ko nifil ɗin yana sama. Kalifar hagu da ta dama suna iya shiga mazaunin juna, in aka musanya su nifil ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa.

Canjin mai na yau da kullum ba ya bukatar kwamfuta a yawancin motoci masu ABS, muddin ba a bar iska ta shiga ba. Amma in an canza masta ko na'urar kanta, ko tanki ya ƙafe, sai an haɗa kwamfutar gwaji ta kunna famfo da bawul ɗin kafin iskar da ta maƙale ta fito. Motoci masu haɗin injin da batir, da waɗanda birkinsu ke aiki da famfon lantarki, da yawansu suna da tulun da ke riƙe mai da matsi mai yawa ko da an kashe mota. Waɗannan ba a taɓa su sai da tsarin da kamfanin ya shimfiɗa.

Tunda an riga an cire tayoyi

Sabon mai ba ya gyara ƙarfen da ya maƙale. Sabon fad na gaba yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, a canza shi in ya kai 3, kuma hagu da dama tare. A duba na ciki da na waje duka. In ɗaya ya cinye ɗaya yana da kauri, ko fad ya ci a karkace, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe. A zare su, a goge, a shafa girisin silikon na birki. Girisin yau da kullum yana kumbura robar da ke rufe su, ƙusar ta sake kamewa fiye da da. Kowane dis an buga masa mafi ƙarancin kaurinsa a jiki, in ya kai nan ba a gogewa, canzawa ake yi.

Wajen mayar da fistin, ya fi kyau a buɗe nifil tsohon man ya fita waje maimakon a kora shi baya ta cikin ABS. Fistin ɗin baya da ke haɗe da birkin hannu murɗa shi ake yi yana shiga, in aka matse shi kai tsaye an lalata shi. Mai birkin hannu na lantarki kuwa sai an sa shi a yanayin gyara tukuna. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, a rataye ta da waya.

Tiyo yana da wata cuta da ba a gani daga waje. Cikinsa yakan saɓule ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe guda: mai ya wuce zuwa kalifa amma ya kasa dawowa. Tayar ta riƙe, ta yi zafi, mota ta riƙa ja gefe. Yadda ake rarrabewa: a taka birki a saki, in tayar ta ƙi juyawa a buɗe nifil. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, matsi ne ya maƙale a layi, kuma tiyo ne farkon abin zargi. In ba ta saki ba, fistin ne ko ƙusoshi.

Karkarwar sitiyari lokacin taka birki, wadda ake cewa dis ya lanƙwashe, galibi kaurin dis ɗin ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Asalinta sau da yawa tsatsar da aka bari a fuskar da dis ke zama, ko notin taya da aka ɗaure wani ya fi wani. A goge fuskar har ƙarfe ya fito, a ɗaura noti a gicciye da sifana mai awo, galibi tsakanin Nm 100 da 120 a ƙananan motoci.

Kafin mota ta motsa, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, musamman in an sa sabon fad, domin takun farko fanko ne. Sannan a riƙe ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti. In tana nutsewa sannu a hankali kuma babu yoyo a waje, robar cikin masta ce ke barin mai ya zagaye ta. In tana da laushi amma tana ƙara tauri in an yi ta bugawa, da sauran iska, ko kuma shu na baya sun yi nisa da duram. Gwajin busta kuwa: injin a kashe, a taka sau biyar, a riƙe, a tayar da injin. Feda za ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa, in ba ta motsa ba a duba tiyon da ke haɗa busta da injin. A sake zagaya kowane nifil da busasshen yatsa, a daidaita mai kusa da MAX in fad sabo ne, a gwada birkin da ƙaramin gudu a fili kafin a hau titi. Sabon fad yana bukatar kilomita 200 zuwa 300 na taku mai sauƙi kafin ya zauna sosai a jikin dis.

Tsohon man guba ne ga mutum da dabba, a rufe shi a kwalba mai alama a kai inda ake karɓar irinsa, ba a zubar a ƙasa ko magudana ba. A rubuta wata da shekarar canjin da ajin man da aka zuba a ɗan lasika, a manna kusa da tanki.